Ƙamus da Mai Neman Dogon Turanci

Na lura yawancinmu ɗalibai, in wata babbar kalmar Turanci ta gagare mu, sai mu buɗe ƙamus mu tsinci kalmar Hausa guda mu haddace, shi ke nan. A ganina ƙamusoshin da muke jingina da su ba don wannan aiki aka yi su ba. Na Bargery da ya fito a 1934, da na Abraham na 1949, sun fi amfanar Baturen da ke koyon Hausa. Shi Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, ya dubi Bahaushe, ya kuma cancanci yabo, amma ƙarami ne, ya fi dacewa da 'yan makaranta, ba 'yan jami'a ba.

Alal misali, ɗauki kalmar sanction. A wani wuri ma'anarta amincewar hukuma, a wani wurin kuwa takunkumi. To, wanda ya haddace ɗaya, yaya zai yi ranar jarrabawa in aka kawo masa ɗayar? Ai sai ya juya maganar marubuci baibai, yana ganin daidai ya yi.

Abin mamaki, mun san wannan sarai a harshenmu. Da Bature zai riƙe cewa "ci" na tuwo ne kaɗai, da dariya za mu yi masa, don ana cin kasuwa, ana cin amana, ana cin sarauta. Malamanmu na fassara ma sukan ba da maki a kan jerin kalmomi tsirara, ba jimla ko ɗaya. Nan nake ganin ya kamata sashenmu ya fara gyara.