Alda Merini: Tsakanin Ciwo da Fasaha

An haifi Alda Merini a birnin Milan na ƙasar Italiya a 1931, ta rasu a can a 2009. Littafin waƙoƙinta na farko, La presenza di Orfeo, ya fito a 1953. A tsakiyar shekarun 1960 aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali na Paolo Pini, alƙalaminta ya yi shiru kusan shekara ashirin.

Daga wannan zaman ne La Terra Santa (1984), wato Ƙasa Mai Tsarki, ya fito. Ta aro sunayen wurare da annabawa daga Baibul ta ɗora wa ɗakunan asibiti, majinyata suka zama al'umma da aka tsare a bayan ganuwa. Nan ne gwanintarta take, a sarrafa siffantawa, amma masu sharhi da yawa sun fi son labarin ciwon, kamar ciwon ne ya tsara baitocin.

Bayan ta sami kyautar Librex Montale a 1993 ta yi suna, har takan shifta wa mutane waƙa ta wayar tarho. Littattafai suka yawaita, tacewa ta ragu. Ɗalibi ya fara da na 1984.