Jerin Kalmomin Coxhead da Mai Koyon Ingilishi a Garuruwan Yuraniyom: Sharhi

1. Gabatarwa

Tun da kamfanin SOMAIR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, Faransanci ne harshen ofis da takardun aiki, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da unguwa, inda Buzaye da Hausawa da Zabarmawa suke haɗuwa. Amma zamani ya juya. An dakatar da aikin Imuraren a 2014, an rufe ramin COMINAK na Akokan a ƙarshen watan Maris na 2021, an kuma janye wa Orano izinin Imuraren a watan Yuni na 2024. Kamfanin Global Atomic na Kanada ya shigo Dasa, sannan kundin mulkin da aka zartar a 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Saboda haka matashin da ke neman gurbin karatu ko aiki yakan tarar da jarrabawar TOEFL ko IELTS tsaye a gabansa. A wannan ɗan sharhi za mu duba jerin kalmomin da aka fi ba shi shawara ya haddace, mu ga ko ya dace da shi.

2. Yadda jerin yake

Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Niyu Zilan ta fitar da jerin a shekarar 2000. Ta tattara rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi wajen miliyan 3 da rabi, daga fannonin adabi da kasuwanci da shari'a da kimiyya, ta tsamo iyalan kalmomi 570 waɗanda suke ratsa dukkan fannonin. Waɗannan kaɗai suna cike kimanin kashi 10 cikin ɗari na rubutun ilmi. Aiki ne tsararre, an gina shi a kan ƙidaya, ba a kan son rai ba, kuma ba mu da ja a kan wannan. Sai dai akwai sharaɗin da masu yaɗa jerin ba su cika ambata ba: Coxhead ta ware kalmomi 2,000 na yau da kullum, watau jerin Michael West na 1953, bisa zaton mai karatu ya riga ya san su.

3. Inda gizo ke saƙa

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kalmomin jerin tushensu Latinanci ne ko Girkanci. Ga ɗalibin da ya taso da Sinanci ko Larabci, waɗannan baƙi ne ƙwarai. Ga yaron Arlit kuwa, wanda ya yi karatunsa da Faransanci tun daga aji ɗaya, ba haka abin yake ba. Kalmomi kamar "analyse" da "concept" da "structure" ya san su tun yana kwaleji. Lafazi kawai ya bambanta. Idan ya kwashe watanni yana haddace su, to yana sayen abin da ke cikin rumbunsa ne.

Bugu da ƙari, jerin bai gargaɗe shi a kan kalmomin da suka yi kama a ido suka saɓa a ma'ana ba. "Issue" a Faransanci mafita ce, a Ingilishi batu ne ko matsala. "Lecture" a can karatu ne, a nan lacca. "Location" a can haya ce, a nan wuri. Duka suna cikin jerin, kuma a nan ne mai Faransanci yake faɗuwa yana ganin ya ci.

Giɓin gaskiya yana cikin gajerun kalmomin da aka ware. Ma'aikacin da zai karanta "extraction" ba tare da ɗaga kai ba, shi ne zai tsaya cik a kan "shut down" ko "carry out" ko "give off". Fassarar kalma da kalma zuwa Faransanci ba ta warware su. Abin lura shi ne Hausa ta fi kusa da wannan ɗabi'a. Wanda ya san bambancin cin abinci da cin amana da cin bashi da cin jarrabawa, ya riga ya san yadda ƙaramin aikatau ɗaya yake sauya ma'ana gwargwadon abokin tafiyarsa. Wanda ya rarrabe fita da fito, ba zai sha wuyar gane aikin "out" da "back" ba. Ga kuma aron da ya shigo ta hanyar Kano da Maraɗi: injin, birki, taya, lebura, bokiti. Malami mai bayani da Faransanci zalla yana barin wannan jari kwance.

Akwai kuma batun yawa. Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna ana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin a gane kashi 98 cikin ɗari na rubutu. Babu jerin da zai kai mutum nan ta hanyar hadda. Sai yawan karatu.

4. Kammalawa

Laifin ba na Coxhead ba ne, na masu ɗaukar jerin ne su miƙa shi yadda yake. Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a kasa shi gida uku: kalmomin da suka dace da Faransanci, a gyara lafazinsu kawai, masu ruɗi, a koyar da su cikin jimloli, baƙi, a ba su lokaci. Lokacin da aka tsimin sai a mayar da shi ga gajerun kalmomi, tare da bayani cikin Hausa. Kayan aikin suna nan: ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini. Abin da ya rage shi ne masana su zauna su haɗa harsunan uku a littafi guda, a gwada shi a azuzuwan Arlit da Agadas kafin a yaɗa shi.