Fim ɗin «Lincoln»: ƙuri'u 119 da waɗanda aka bari a bakin ƙofa

Fim ɗin da Steven Spielberg ya fitar a 2012 yana ɗauke da sunan shugaban Amurka na 16, amma bai bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa mutuwa ba. Kusan dukansa ya tsaya ne a kan watan Janairu na 1865, lokacin da yaƙin basasa ke gab da ƙarewa, Abraham Linkon kuma yana neman majalisar wakilai ta amince da gyara na 13 na kundin tsarin mulki, wanda zai haramta bauta.

Malamin tarihi zai sami abin amfani a nan, domin fim ɗin ya warware abin da ke rikita ɗalibai: tunda Linkon ya yi shelar ƴanta bayi ranar 1 ga Janairun 1863, me ya rage? Shelar matakin yaƙi ce, ta shafi jihohin da suka yi tawaye kawai, ba ta taɓa bayin Kentucky ko Delaware ba, kuma kotu na iya rushe ta da zarar an ajiye makamai. Majalisar dattawa ta amince da gyaran a Afrilun 1864, ta wakilai kuwa ta kasa tara kashi biyu cikin uku a watan Yuni. Sai aka shiga farautar ƙuri'u. Sakataren harkokin waje William Seward ya ɗauki dillalai suna bin ƴan Dimokurat da suka faɗi zaɓe, suna yi musu alkawarin muƙamai. Ranar 31 ga Janairu aka samu 119 da 56.

Tony Kushner, marubucin labarin, bai wanke kowa ba. An ga Linkon yana rubuta wa majalisa takarda mai harshen damo a kan wakilan Kudu da ke tafe neman sulhu, don kada a ɗage zaɓen. An ga Thaddeus Stevens, wanda ya shekara da shekaru yana cewa baƙi da fari ɗaya ne, yana haɗiye maganarsa ya tsaya ga daidaito a gaban doka. Daniel Day-Lewis ya ba shugaban murya siririya da tafiyar gajiyayye, ya kuma cancanci kyautar Oscar da ya karɓa a 2013.

Rauni na fim ɗin yana wani wuri. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, amma mai kallo zai fito yana zaton ƴancinsu kyauta ce da fararen fata suka ƙulla a ɗakuna masu hayaƙin taba. Baƙaƙe kusan 180,000 sun sa kakin sojan Arewa; an ba su ƴan mintoci a farko, daga nan sai kallo daga benen majalisa. Frederick Douglass, bawan da ya tsere ya zama babban mai jawabi, ya gana da Linkon a fadarsa a 1863 da 1864, bai kuma fito ko sau ɗaya ba. Abin ya fi ciwo ga Elizabeth Keckley. An nuna ta tela mai ladabi a bayan uwargidan shugaban, alhali ita ce ta kafa ƙungiyar agaza wa bayin da suka gudo Washinton a 1862. Gudun dubban bayi zuwa sansanonin soja shi ne ya tilasta wa gwamnati ɗaukar matsayi tun farko, kuma wannan ba ya cikin hoton.

Akwai kuskure ƙarami: an sa wakilan Connecticut biyu sun ƙi gyaran, alhali dukansu huɗu sun amince. Wanda ya fi shi girma shiru ne. Gyaran ya bar ƙofa a buɗe, domin ya halatta aikin tilas idan hukunci ne na laifi. Bayan an tabbatar da shi a Disamban 1865, jihohin Kudu suka kafa dokokin kama baƙaƙe da laifin zaman banza, suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. Spielberg ya rufe ranar zaɓen da ƙararrawa da waƙa, bai ja hankali ga wannan ba. Sai a 2016 Ava DuVernay ta ɗauko shi a fim ɗinta «13th».

Ƙungiyar da ke shirin nuna «Lincoln» ga ɗalibai za ta fi cin riba idan ta haɗa su biyun a zama ɗaya, ta kuma raba rubutun gyaran, wanda sakin layi biyu ne kacal, kafin a kashe fitila.