Ɓuntun Shinkafa da Ruwan Rini: Bitar Maƙalar Crini

A shekarar 2006, mujallar Bioresource Technology ta buga wata maƙala ta Grégorio Crini, masanin ilimin sinadarai da ke jami'ar Franche-Comté ta Faransa a lokacin. Ya tace bincike wajen 210 domin amsa tambaya guda: da wane abu mai araha za a cire rini daga ruwan da masana'antu ke zubarwa? Gawayin da kamfanoni ke sarrafawa na musamman don tace ruwa yana aiki sosai, sai dai ya yi tsada. Shi ya sa ya duba laka, da ɓawon jatan lande, da sharar gona irin su ɓuntun shinkafa, tukar rake, totuwar masara da garin katako.

Ƙarfin aikin shi ne marubucin bai yi wa kayan kirari ba. Ya jera amfanin kowanne tare da iyakarsa, ya kuma bayyana yadda rinin ke maƙalewa. Danyen ɓuntu da garin katako sun fi kama wani jinsin rini, kamar shuɗin metilin, saboda cajin da ke jikinsu yana jawo kishiyarsa. Wani jinsin kuma sai ruwan ya yi tsami kafin ya kamu. Idan aka ƙone sharar ta zama gawayi mai yawan ƙofofi, kamun yakan ƙaru, kuɗin aikin ma ya ƙaru. Ke nan babu magani ɗaya ga kowane launi.

Raunin maƙalar gadonsa ta yi daga binciken da ta tattaro. Akasarinsu a ɗakin gwaji aka yi su, da rini iri ɗaya cikin tsabtataccen ruwa, alhali ruwan masaƙa cike yake da gishiri da sauran sinadarai. Akwai kuma batun ɓuntun da ya ƙoshi da rini: in aka watsar da shi a juji, an dai sauya wa guba mazauni ne.

Duk da haka, karatu ne da ya kamaci masu bincike a Kano, inda ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa ke gangarawa kogi, ɓuntu kuwa na jibge a bayan injinan casar shinkafa. Crini ya nuna abin da zai yiwu. Gwaji da ruwan kwatar masana'antar kanta shi ne aikin da ya rage.