Tiyatar gyaran jiki bayan haihuwa: kuɗin da talla ba ta faɗa

Tallar ta riga asibitin isowa garinmu. Duk matar da ke riƙe da babbar waya a Dutsin-Ma ko Kurfi ta ci karo da hotunan nan biyu da ake jerawa a Instagram da TikTok. A na hagu tumbi ya saki, nankarwa ta zane fata, nono ya kwanta. A na dama ita ce dai, ciki ya shafe, ƙugu ya fito. Sai a ce aiki uku ne a shiga ɗaya: a yanke fatar cikin da ta yi yawa a ɗinke naman da goyon ciki ya raba, a ɗaga nono, a zuƙe kitsen kwiɓi. Wai haɗawar ta fi araha, tunda kuɗin ɗakin tiyata ɗaya ne, allurar barci ɗaya, jinya ɗaya. A Legas, Abuja, Alƙahira da Istanbul ake aikin, amma zancensa ya shigo gidajen sunanmu, har ma da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'a.

Ba na ganin laifin macen da ta tsaya gaban madubi bayan haihuwa huɗu ta ji kewar jikinta na da. Abin da ke ci mini rai shi ne farashin da ake gaya mata, domin ba shi ne za ta biya ba.

A Amurka, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta ce a 2023 matsakaicin ladan likita kan gyaran tumbi kaɗai ya haura dala 8,000, ban da kuɗin mai allurar barci, ban da ɗakin tiyata da magani. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, miliyan 12 ke nan. Ma'aikaciyar da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, sai ta yi fiye da shekara 14 ba ta taɓa ko kwabo ba kafin ta haɗa. Legas da Istanbul sun fi haka sauƙi, gaskiya ne, amma can ɗin ma maganar miliyoyi ake, ga tikiti, ga masauki, ga mai rakiya. Mace a nan ba ta da inda za ta samo wannan sai ta sayar da gwal ɗin aurenta, ko filin gadonta, ko ta kwashe adashin da ta yi wa ɗawainiyar yara tanadi.

Wannan ma shi ne ƙaramin kuɗin. Wadda aka yi wa aikin tana fitowa da ɗinki daga wannan ƙugu zuwa wancan. Kwanakin farko a duƙe take tafiya saboda fatar ta ɗame, sau da yawa da siririyar roba a gefen ciki tana tsiyayar da ruwa da jini cikin 'yar kwalba. Za ta yi makonni cikin matsattsiyar rigar ɗaure ciki, ko da kuwa a zafin Afrilu ne. Kusan mako shida an hana ta ɗaukar abu mai nauyi, wato ba goyo, ba daka, ba ɗaga bokitin ruwa, ba sunkuce yaron da ya faɗi yana kuka. Wa zai riƙe gidan? Wa zai biya mai riƙewar? Fatarmu kuma tana da saurin yin tabo mai kumburi, wanda shi ma maganinsa wani kuɗin ne.

Akwai abin da likitocin kirki ke faɗa tun a zaman farko, masu talla kuma suna haɗiye shi: wannan aiki na wadda ta gama haihuwa ne, domin sabon ciki yana iya warware ɗinkin ya mayar da hannun agogo baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a Najeriya wajen yawan haihuwa, kimanin 'ya'ya 7.3 ga kowace mace. Yarinyar da ke da shekara 26 da 'ya'ya uku a Kurfi, ita da mijinta da uwar mijinta duk sun san ba ta gama ba.

Haɗa ayyukan da ake yi wa kirari da rangwame, nan ne haɗarin ya fi taruwa. Aiki uku a kwanciya ɗaya yana nufin sa'o'i masu yawa cikin barcin allura, zubar jini mai yawa, da ƙarin yiwuwar jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Gyaran tumbi yana cikin ayyukan kwalliya da suka fi jawo wannan, doguwar tafiya a jirgi kuma tana ƙara shi. Ba lallai ya zo a asibiti ba, yana iya bari sai ta dawo gida. Ki ɗauka numfashi ya sarƙe mata da ƙarfe biyun dare a Dutsin-Ma. Likitan da ya yanka ta yana wata ƙasa. Babban asibitin koyarwa yana Katsina, tafiyar kusan kilomita 60 ta Kurfi, a kan hanyar da kowa ya san ba a son bin ta da dare a shekarun nan.

Kuɗi ma bai hana mutuwa ba. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifaniya a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma a 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci. A 2007 Donda West, mahaifiyar mawaƙin Amurka Kanye West, ta rasu kwana ɗaya bayan an haɗa mata irin waɗannan ayyuka, har jihar Kalifoniya ta yi dokar tilasta binciken lafiya kafin tiyatar kwalliya.

Mafi yawan matanmu ba za su taɓa hawa wannan gado ba. Amma hoton ya riga ya shiga ransu, sai su nemi na daidai aljihunsu: shayin rage tumbi marar lambar NAFDAC, allurar ƙara mazaunai a ɗakin wata mai gyaran jiki, ƙwayar sha-ka-fashe daga kemis. Su ne za su biya da ƙoda da hawan jini.

Tushen abin kuwa yana cikin gida. Na ji da kunnena magidanci yana ce wa matarsa, tana shayar da ɗansa na biyar, "Ji cikinki, kin koma wata tsohuwa." Da dariya ya faɗa, ita ma ta yi murmushi saboda baƙi, sannan ta ja mayafi ta rufe jikinta har muka tashi. Irin wannan gori, da barazanar kishiya da ke biye da shi, su ke kai mace ga sayar da gwal. Malam, cikin nan da kake yi wa gori, 'ya'yan da kake alfahari da su a majalisa ne suka buɗa shi.

Iyayenmu sun san jikin mai jego yana bukatar gyara, shi ya sa suka ware mata kwana arba'in: wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, farfesun ƙauri, ɗaure ciki da zani, tsohuwa a gefe tana karɓar jariri. Ba duka ne daidai ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da gashi mai tsanani da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Amma hutun da kulawar gaskiya ne, kuma su ne muke ta yankewa. Yanzu so ake ranar suna, kwana bakwai kacal, ta ɗame cikin leshi saboda hoto.

Akwai gyaran da ya zama dole, shi nake so mu yi wa hayaniya. Macen da cibiyarta ta ɓullo bayan haihuwa, wadda mahaifarta ta zazzago, wadda fitsari ke zubo mata in ta yi tari, wannan lalura ce, likita take bukata, ba kunya ba. A Babbar Ruga, nan Katsina, an shafe shekaru ana ɗinke masu yoyon fitsari, tun zamanin da Dakta Kees Waaldijk ya fara aikin a shekarun 1980. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bambanta tiyatar da ke kawar da cuta ko maido da halitta da wadda son rai kawai ya kawo. Mijin da ke da kuɗin gyara wa matarsa jiki, ya fara kai ta a duba waɗannan.

Wadda kuma ta gama haihuwa, ta yaye, tana da halinta, ta ce sai ta yi, ina roƙonta ta yi tambaya kafin ta tura ko sisi. Likitan yana da lasisin Hukumar Likitoci ta Najeriya, kuma ya ƙware a wannan fanni? Wa zai ba da allurar barci? Akwai jini da ɗakin kulawa ta musamman a asibitin? In ɗinki ya buɗe bayan ta koma Dutsin-Ma, wa zai gyara, a kuɗin wa? Ta nemi a raba mata ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ko da ya fi tsada. In likita ya fara maganar rangwamen da zai ƙare ƙarshen wata, ta ɗauki jakarta ta fita.