2.4 Ra'in Danniya na Green da Matsalar Gambizar Harshe

A wannan sashe za a duba ra'in da David Green ya gabatar a shekarar 1998 game da yadda mai harshe biyu yake zaɓar kalma yayin magana, sannan a auna shi da irin maganar Hausawa masu ilmin boko.

Green ya ɗauka cewa idan mutum ya yi niyyar faɗin wani abu, kalmomin harsunansa biyu suna tasowa tare a ƙwaƙwalwarsa. Misali, wanda ya san Hausa da Ingilishi, in ya ga littafi, sunayen biyu ne za su taso masa. Don kada su ci karo, sai ƙwaƙwalwa ta danne harshen da ba a bukata. Gwargwadon ƙarfin harshe, gwargwadon danniyar da yake bukata.

Babbar hujjar da ake kafawa da ita ita ce gwajin Meuter da Allport (1999). An riƙa nuna wa masu harshe biyu lambobi daga 1 zuwa 9, launin da ke bayan lamba shi yake nuna harshen da za a faɗe ta da shi. An gano cewa sauya harshe yana jawo jinkiri, kuma jinkirin ya fi yawa idan za a koma harshen da mutum ya fi ƙwarewa a kai. Wannan ya dace da ra'in, domin harshen da aka danne da ƙarfi shi zai fi wuyar tasowa.

Duk da haka, ra'in yana da rauni ta fuskoki biyu. Na farko, Costa da Santesteban (2004) sun yi irin wannan gwaji da waɗanda suka ƙware a Sifaniyanci da harshen Katalan, sai suka tarar jinkirin daidai yake ta kowane ɓangare. Ke nan sakamakon farko bai game kowane mai harshe biyu ba.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, a gwajin tilasta wa mutum ake yi ya sauya harshe, kuma kalma ɗaya tak yake furtawa. Ba haka gambiza take a bakin jama'a ba. A dubi wannan jimla ta Ingausa da aka saba ji a jami'o'i: "Na yi missing ɗin lecture." Lamirin suna "na", da aikatau "yi", da mahaɗi "ɗin" duk na Hausa ne, amma ɗafa-ƙeyar "-ing" ta nahawun Ingilishi ce. Wato nahawun harsunan biyu yana aiki cikin jimla ɗaya. Da a ce sai an danne Hausa gaba ɗaya kafin a furta kalmar Ingilishi, da wannan gajeriyar jimla ta bukaci sauyi har sau uku, alhali ɗalibai suna furta ta ba tare da inda-inda ba.

Adalci ne a faɗi cewa Green da kansa ya lura da wannan giɓi. A shekarar 2013, shi da Abutalebi sun raba yanayin magana gida uku, suka ware yanayin gambiza mai yawa, inda suka ce a nan harsunan haɗa kai suke yi maimakon gasa.

Bisa wannan, ra'in danniya ya dace da wuraren da aka ƙayyade harshe ɗaya, kamar ɗakin jarrabawa. Amma bai isa ya bayyana Ingausa ba, don haka ba a ɗauke shi a matsayin ma'aunin nazarin jimlolin da ke babi na gaba ba.