Farautar Abokai Huɗu a Ƙasar Wasu: Nazari kan Littafin Washington Irving

A shekarar 1832 marubucin nan na Amurka, Washington Irving, ya koma gida bayan ya share shekara 17 a Turai. A cikin jirgin ruwan da ya kawo shi ya yi abota da mutum biyu: Charles Latrobe, Ba'ingile mai sha'awar tsirrai da ƙwari, da wani saurayi ɗan sarauta daga ƙasar Suwis, Albert de Pourtalès, wanda bai wuce shekara 20 ba. Daga bisani, a wani jirgin kan tabkin Erie, suka gamu da na huɗunsu, Henry Ellsworth, jami'in gwamnati, ya ce su raka shi yamma. Daga watan Oktoba zuwa Nuwamba na wannan shekara suka yi kimanin wata guda bisa dawaki, suna farauta a sararin ciyawar da yau ake kira jihar Oklahoma. Labarin wannan tafiya shi ne A Tour on the Prairies, wanda ya fito a 1835, kuma an fassara shi da Faransanci.

Ana yawan karanta littafin a matsayin hirar abokai da suka fita shan iska, kuma babu shakka akwai wannan a cikinsa. Irving gwanin siffanta zango ne. Yana sa mai karatu ya ji ƙanshin naman barewa bisa tsinke, ya ga dawaki a ɗaure cikin raɓa, ya saurari tatsuniyoyin da ake yi a gindin wuta har dare ya raba. Wajen bayar da labarin daren da Pourtalès ya ɓace bayan ya bi garken ɓauna, har ya kwana bisa itace don tsoron namun daji, abokansa kuma na ta busa ƙaho suna harba bindiga ko zai ji, an ga zumunci na gaskiya: dattijo mai shekara 49 ya shiga damuwa saboda yaron da bai fi wata bakwai da saninsa ba.

To amma tambayar da ta kamata a yi wa kowane labarin farauta ita ce: wa ya san dajin? A nan amsar ba ta cikin abokan nan huɗu. Maharbin tafiyar shi ne Pierre Beatte, wanda Irving ya ce ruwa biyu ne mai jinin Faransawa da na ƙabilar Osage, aka ɗauke shi aiki da kuɗi. Shi ke karanta sawu, shi ke kawo nama. Da suka iso kogin Arkansas, shi da kukun tafiyar, Tonish, suka mai da busasshiyar fatar ɓauna kamar kwalekwale, suka ɗora Irving a kai, suna iyo suna jan sa har gaɓa. Irving ya faɗi da bakinsa cewa ganin farko bai yarda da fuskar Beatte ba, ya ɗauke shi mai ɗaure fuska da girman kai. Sannu a hankali, babi bayan babi, wannan ƙyama ta koma girmamawa, kuma wannan sauyi shi ne zaren da ya fi kowane ƙarfi a littafin, ko da yake marubucin bai nuna ya lura da haka ba. Sai dai girmamawar ba ta taɓa kai wa ga abota ba. Beatte na nan a bakin da'ira, yana cin abincinsa, yana shan tabarsa, ba a tambayarsa ra'ayi sai an rasa hanya. Tonish kuwa an mai da shi abin dariya tun daga shafin farko, sarkin cika baki. Wannan zolaya, da ta yi daɗi sau ɗaya ko biyu, ta zama gajiyarwa kafin tsakiyar littafi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ellsworth ba yawon buɗe ido ya je ba. A 1830 majalisar Amurka ta zartar da dokar kwashe ƙabilun asali daga gabashin kogin Misisipi zuwa yammacinsa, shi kuma yana cikin wakilan da aka aika su duba ƙasar da za a zuba waɗannan mutane, su kuma sasanta su da waɗanda suka iske a wurin. Shi ya sa ayarin ya tashi daga barikin Fort Gibson, ya haɗu da rundunar mahaya ta Kyaftin Jesse Bean. Wato farautar abokan ta gudana ne a inuwar ƙaurar dole da ta ci rayukan dubban mutane a shekarun da suka biyo. Irving ya ambaci aikin abokinsa a ƴan layuka, ya wuce abinsa. Wannan shiru shi ne babban aibin littafin, kuma ba a iya yafe masa shi da cewa bai gani ba, domin ya gani. Shi ne ya ba da labarin wani saurayi Ba'osage da ya tsinci ɓataccen doki, yana kan hanyar mayar da shi, sai mai dokin, wani farar fata mazaunin iyaka, ya kira shi ɓarawo, ya nemi a ɗaure shi a yi masa bulala. Irving ya goyi bayan saurayin, ya kuma nuna cewa irin wannan zalunci ne ke haddasa yaƙe-yaƙen iyaka. Shi ne kuma ya ƙaryata masu cewa ƴan asalin ƙasar mutane ne marasa fara'a, ya shaida cewa in suna tsakaninsu sun fi kowa raha da kwaikwayo. Mai irin wannan ido, da ya so, da ya duba abin da dokar 1830 ke nufi.

Abin mamaki, shafukan da suka fi rayuwa su ne waɗanda farauta ta ba shi kunya a cikinsu. A babin farautar zuma, mahaya sun bi ƙudan har amyarsu a kogon wani babban itace, suka sare itacen, suka wawashe saƙar, ƙudan da suka dawo daga kiwo na ta shawagi inda gidansu yake ɗazu. A nan ne Irving ya kawo zancen da ake yi a iyaka, cewa ƙudan zuma ɗan gaban farar fata ne: inda ya iso, ɓauna da mai ƙasa sai su ja da baya. Da Beatte ya kamo wani dokin daji, ya hore shi har ya ɗora masa kaya, Irving ya tsaya kan wannan faɗuwa daga ƴanci zuwa bauta fiye da yadda ya tsaya kan kowane ɗan Adam. Ranar da shi kansa ya harbe ɓauna, ya sauko ya ga girman dabbar tana shure-shure, nadama ta kama shi, ya ƙarasa ta don ya rage mata wahala, Latrobe kuma ya yanke harshen. Tausayin da ya kasa furtawa game da mutane, sai ya sauke shi kan ƙuda da doki da ɓauna. Mai karatun yau, wanda ya san cewa garkunan miliyoyi sun ragu har waɗanda ke daji ba su kai dubu ba a 1889, zai ji waɗannan shafuka da wani nauyi da marubucin bai zata ba.

Ga malamin adabi, littafin na da wata fa'ida da ba kasafai ake samu ba: duka abokan huɗu sun rubuta labarin tafiya ɗaya. Na Latrobe ya fito a 1835, na Ellsworth sai 1937, wasiƙu da kundin Pourtalès kuma a 1968. In aka jera su, ana ganin abin da Irving ya goge, musamman saɓanin da ke tsakanin Ellsworth mai tsantseni da saurayin Suwis mai rawar kai, wanda Irving ya lulluɓe da murmushi. Beatte kuwa bai bar rubutu ba.

Ƙarshen tafiyar ba shi da armashi, kuma Irving bai ƙawata shi ba. Mayaƙan Pawnee da aka yi ta fargaba ba a gamu da su ba ko sau ɗaya. Mahayan da suka yi ta barin nama yana ruɓewa a zangunan farko sun dawo da yunwa, dawaki na faɗuwa a hanya, wasu mutanen na tafe a ƙasa, har suka isa gidan wani manomi a bakin iyaka, matarsa ta ajiye masu akushin naman shanu.